Ranar da 'Yan Kwamiti Suka Ci Kajin Goggo

A shekarar da 'yan Najeriya suke ta rigimar zaɓen fidda gwani, ɗakin baƙinmu a unguwar Waziriyya ta Jidda ya koma majalisa. Mu mutanen Damagaram ne, ba mu da ƙuri'a a zaɓen, su ma 'yan Najeriyar da ke zuwa ba su da ita, tunda wakilan jam'iyya kaɗai ke zaɓe. Amma maigidana ya sa satalayit, saboda haka da an idar da magariba sai takalma su cika ƙofa, ni kuma in yi ta dafa shayi.

Wani mai neman takarar shugaban ƙasa ne ya raba su gida biyu. Ya ce in ya hau, kowane ɗan ƙasa zai riƙa samun wani abu duk wata, mai shi da marar shi, ba tambaya ba bincike. Daga madafa nake jin su. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar, wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Balad, shi ya fi kowa kumfar baki.

"Wannan ai kiwon cima-zaune ne! Ka ba ƙato kuɗi yana kwance, wa zai yi noma?"

Wani dattijo direba, Bahaushen Sudan da ya daɗe cikinmu, ya ce, "Ya Alhaji, kai da ka gaji shago, wa ya bincike ka kafin a ba ka?"

Aka yi dariya, aka nemi ƙarin shayi. Su abin hira ne. Ni kuwa goggona nake tunani.

Ƙanwar mahaifina ce. Ta zo Jidda tana amarya, ta tsufa a nan, Allah bai ba ta haihuwa ba. A shekarar mijinta ya rasu, ga gwiwoyi sun hana ta suyar ƙosan da take yi. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a kan ta mijin take. An sami wanda ya yarda ya zama kafilinta, mai tsaya mata wurin hukuma, amma kuɗin sabuntawa da hayar ɗaki sun fi ƙarfinmu, ni mai shara a makarantar 'yan mata, maigidana tela, ga 'ya'ya biyar. In ba a sami taimako ba sai a mayar da ita Damagaram, inda duk wanda ya san ta da ƙuruciya ya riga mu gidan gaskiya.

Ƙungiyar tana da asusu, mijinta kuwa bai taɓa fashin zubi ba. Sai dai ƙa'ida ce, kafin a taimaki mutum 'yan kwamiti su je gidansa su gani da ido. Rannan gardama ta yi zafi, direban nan ya ce, "Tayyib, ku bar Najeriya. Mu gwada a kanmu. Duk tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a ba shi daidai da na kowa duk wata, ba sai an leƙa tukunyarsa ba." Alhaji ya ce, "La, la! Dukiyar jama'a ce, sai an gani." Aka ce a ɗaga hannu. Na leƙo ta labule. Maigidana, da yake Alhaji ke ba shi ɗinki, hannunsa ya tashi ya tsaya a kunne yana sosawa. Alhaji ya yi rinjaye.

Muka nema wa goggo taimakon. Ranar da 'yan kwamiti za su zo, da safe na je na zaunar da ita. Ɗakinta katifa ce da leda, da fanka mai kuka, da firijin da babu komai ciki sai ruwa. Na ce, "Goggo, don Allah ki bar ɗakin nan yadda yake. Abin da suka zo gani ke nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Abokan marigayi su shigo su zauna a kan leda? Baƙonka annabinka."

"Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Goggo."

"Je ki wurin aikinki," in ji ta.

Na dawo da la'asar, tun daga bene ƙamshin turaren wuta ya tare ni. Matan gidan sun yi mata abin da suke yi wa duk mai baƙi. 'Yar Chadin da ke sama ta sauko da darduma da matasai, wata ta kawo kofuna masu bakin zinariya, wata shinkafa, wata kaji biyu. Har labule aka rataya ya rufe inda bango ya ɓare. Babu wadda ta yi don mugunta, so ne da kara. Goggo kuwa ta ɗauko zanenta na ƙasan akwati ta ɗaura, tana zaune tsaf.

Su uku suka zo, Alhaji a gaba. Suka yi wa marigayi addu'a, suka nannaɗe hannun riga suka faɗa wa kabsa, dafa-dukar Larabawa ta shinkafa da kaji. Da suka ƙoshi Alhaji ya ce, "Hajiya, yaya zaman?"

"Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri."

"Babu abin da ya dame ki?"

"Sai alheri."

To me suke so ta ce? Wace tsohuwa ce a cikinmu za ta dubi abokan mijinta ta ce ina kwana da yunwa? Uwayensu ma haka za su amsa, kuma sun sani. Na kasa haƙuri, daga bakin ƙofa na ce, "Alhaji, wallahi duk abin da ke ɗakin nan na aro ne, har kofin da ke hannunka."

Goggo ta yi mini wani kallo da har yau nake jin sa. Ta yi murmushi ta ce musu, "Ku rabu da ita, yarinta ce." Na haura arba'in a lokacin. Suka yi dariya, sun sami mafita. Ita kuwa ta daina amsa gaisuwata, wai na tona mata asiri a gaban maza.

Hukunci ya fito, wai halinta bai kai na taimako ba. Na tare Alhaji a benenmu ya zo kallon muhawarar 'yan takara. Ban ko gaishe shi ba.

Ya ce, "Ya binti, 'yata, mun gani da idonmu. Ɗakin da ake dafa kaji biyu a zama ɗaya..."

"Ku kuka cinye su, Alhaji."

Ya gyara hula. "Halas, an rufe magana. Ta sake nema baɗi."

Ya san iƙamar ba za ta kai baɗi ba. Ya wuce ciki, ina ji ya ɗora daga inda ya tsaya jiya, cewa kyauta tana lalata talaka. Ranar ban dafa shayi ba, kuma ban sake dafawa ba har ɗan takarar ya faɗi suka koma gardamar ƙwallo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ashe asusun yana da kason kuɗin jirgi ga duk mai komawa gida, wannan kuwa ba ya bukatar bincike. Nan da nan aka saya mata tikiti. Aka yi ta zuwa sallama, kowa da ƙullin saƙonsa na 'yan'uwa a Damagaram, wannan dabino, wannan jallabiyoyi, Alhaji ya aiko da turamen atamfa a kai wa ƙannensa mata. Ba ta ce wa kowa a'a ba.

A filin jirgi kaya suka wuce kilo. Na sunkuya na jawo ƙullin Alhaji zan ajiye gefe, ta riƙe mini hannu. Ta buɗe akwatinta a gaban mutane, ta fitar da kaskon ƙosanta da bargonta da rigunan marigayi da ta ce za ta riƙa jin ƙamshinsa, ta ɗora mini a hannu. Aka sake aunawa, ya yi daidai.

Maganar da ta fara yi mini ke nan tun ranar kajin. Ta ce, "Ki gaida Alhaji, ki ce saƙonsa zai isa."

Wata takwas ta yi a can ta rasu. Saƙon ya isa. Gaisuwar ce ban kai ba, kuma ba zan kai ba.