Tarin Ishiyaku na Rurum

Ishiyaku bai san tsuntsu ba sai gasasshe. Shekarar da ake fasa hanyar Kibiya, wani Bature ya zo neman ɗan baƙin tsuntsu mai farar kafaɗa. Dagaci ya cire Ishiyaku daga aikin hanya, ya ce ya raka Baturen har su gani.

Gogan ya lura ranar da aka ga tsuntsun, ranar zai koma riƙon diga. Saboda haka da tsuntsun ya sauka kan marke, sai tari ya sarƙe Ishiyaku.

"Ranka ya daɗe, yanzun nan ya tashi!"

Wata uku ana haka, har aka gama hanya. Bature ya tafi bai ga komai ba, amma ya bar masa kwalbar maganin tari.