Agata ta Basirka da Takwarorinta Tara

In ka sauka a Basirka ka ce kana neman Hajiya Hadijatu, sai an yi ta kallon juna. Amma ka ce Agata, ko ɗan acaɓa ba zai tambaye ka unguwa ba. Ungozoma ce, shekararta hamsin da takwas, gajera, ga sauri ga faɗa, kuma rabin matasan garin a hannunta suka faɗo duniya.

Ranar suna mahaifinta ya sa mata Hadijatu, sunan uwarsa. To, wa ke da ƙarfin halin kiran sunan tsohuwa a tsakar gida? Dole a nemo na alkunya. Mai jego ta kafe a kan Agata, sunan wata nas 'yar Kudu da ta ratso ruwan sama a kan keke daga Gwaram, ta cece ta ranar da naƙuda ta zo da gardama. Da yarinya ta girma ta kama karɓar haihuwa, matan da suka sha da ƙyar a hannunta suka riƙa yi wa 'ya'yansu laƙabi da ita. Yau a Islamiyyar unguwarsu kaɗai Agata tara ce.

Ana nan aka kawo sabon malami, Malam Hambali, mutum mai tsantseni. Ya ce shi bai san ma'anar sunan nan ba, wa ya sani ko na gunki ne? Ya ba yaran wa'adi zuwa Asabar, ko a kawo ma'ana ko a ajiye shi. Su tara suka yi wa gidanta tsinke, ƙaramarsu tana kuka.

"Inna, me sunanmu yake nufi?" in ji babbar.

Baiwar Allah duk tsawon rayuwarta tana amsa shi, ba ta taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar yawa, don in sunan ya fito mummuna, ita ta jawo wa 'ya'yan mutane.

Washegari ko koko ba ta tsaya sha ba, ta shiga bas sai Birnin Kudu, gidan Malam Maikano, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya. Ya ɗauko wani littafi da gara ta ci wa gefe, yana lasar yatsa yana buɗawa a hankali, ita kuwa kamar ta fizge.

"Ga shi, Hajiya," ya ce. "Na Girkawa ne, waɗanda malamai ke ce wa Yunanawa. Daga kalmarsu agatos ya fito, wato nagarta. Ma'anarsa mai kirki. Mata sun fi shekara dubu da ɗari bakwai suna amsa shi, har yau ana sa shi a Turai da nan Kudu."

"Ba gunki?"

"Ko alama."

Sai da ta sa ya maimaita sau uku, sannan ya rubuta a takarda ya sa hannu. Murna ta hana ta zama. A hanyar dawowa, kafin bas ta iso Gwaram, babu fasinjan da bai san abin da agatos ke nufi ba, har direba.

Ranar Asabar ita ta riga ɗalibai isa makaranta. Malam Hambali ya karanta takardar a tsanake, ya sake karantawa, ya ce suna mai ma'ana irin wannan ba shi da ta cewa a kansa, kuma ya gode da aka ilmantar da shi. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya, wai ita tafiya za ta yi.

Yara suka zauna a tabarma. Malam ya gyara murya ya ce, "Agata."

Murya tara ta ce na'am a tare. Daga bakin ƙofa ta goma ta biyo baya, ta fi duka ƙarfi.