Mai Kitson da Ta Zagaye Zango

Shekarar da yaƙi ya watsa garin Salga, mutane suka yi ta gangarowa Akra, wasu da jakuna, wasu da ƙullin tsumma kawai. A cikinsu akwai wata mata da ba ta zo da kowa ba, ba ta kuma zo wurin kowa ba. Doguwa ce, baƙa, daga cikin ƙabilun arewa da ake kai wa harin kamun bayi, Hausarta a karkace. Kayanta tabarma ɗaya, buta, da tsinken kitso. Ta shimfiɗa tabarmar a bayan masallacinmu na zango, inda rufi ya ɗan zarto, ta mai da wurin ɗakinta.

Zango ba ya son ganin mace tana kwana a waje. Ba tausayi ne kaɗai ba, har da kunya, kada matan ƙabilar Ga masu wucewa da kifi su ce Musulmi sun bar 'yar'uwarsu a titi. Amma ba wanda ya yarda ya ɗauke ta gaba ɗaya, tunda ba a san asalinta ba. Sai magajiya, shugabar matan zango, ta yanke: kowane gida ya riƙe ta mako guda, daga Juma'a zuwa Juma'a, sannan ta naɗe tabarmarta ta shiga na gaba. Gidana ne na ƙarshe a layin, can kusa da masu jima.

Ni a lokacin ina tuyar waina, mijina ya yi shekara biyu da rasuwa. Allah bai ba ni haihuwa ba. 'Yar da nake da ita, shi ya kawo mini ita daga fataucin goro, tana 'yar shekara huɗu, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya sauke ta daga kan jaki ya ce, "Ga 'ya." Ban tambaye shi inda ya samo ta ba, shi ma bai faɗa ba. Na yi mata wanka, na goya ta duk da ta wuce goyo, cikin wata uku ta fara ce mini Inna. Lokacin da matar nan ta iso, yarinyar ta kai sha uku.

Tun farko matar ba ta kwanta mini ba. Mai neman mafaka ya kamata ya sunkuyar da kai, ita kuwa idonta na kan mutane. Duk gidan da ta sauka sai ta ce za ta yi wa 'yan mata kitso kyauta, wai ladan tuwo. Kuma ta iya, wannan ba zan hana ta ba. Abin da na lura shi ne ba ta damu da ƙananan yara ba, manyan mata kuwa sai sun roƙe ta. Waɗanda suka fara tasawa take kira. Na ce a raina, wannan akwai abin da take nema.

Wata ranar Laraba na je aron tanda gidan maƙwabciyata, na tarar da matar nan tana wa 'yar gidan kitso. Na tsaya ina kallo. Kowace mai kitso daga goshi take fara tsaga. Ita sai ta karkatar da kan yarinyar, ta buɗe gashin bayan kunnen hagu, ta shafa wurin da babban yatsa a hankali, ta sake shafawa. Sannan ta sauke numfashi, ta koma goshi ta fara aiki kamar kowa.

Na manta da tandar na dawo gida. Shekara tara nake tsefe kan 'yata. Na san abin da ke bayan kunnenta na hagu: tsaga uku ƙanana, a haɗe daga ƙasa kamar sawun kaza. Ba tsagar Hausawa ba ce, ban kuma taɓa ganin ta a kan wani ba.

Daga ranar na hana yarinyar kai tallan waina ta ɓangaren da matar take, na ɗaure mata ɗankwali har kan kunne. Hankalina bai kwanta ba duk da haka. Da aka haɗu a wani suna, na ɗaga murya a cikin mata na ce, "Ku dai kuna ba ta kan 'ya'yanku. Wa ya san inda take kai gashin da take tsefewa?" Maganar ta kama kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kafin la'asar an sami wadda ta ce 'yarta ta yi zazzaɓi bayan kitson, wata ta ce ta gan ta tana magana ita kaɗai. Aka fara cewa a mai da ita bayan masallaci, ko ma a fitar da ita daga zangon.

Magajiya ta bari muka gama, sannan ta ce, "Gashin da ya faɗi, ni na ga tana tattarawa tana ba uwar yarinya a hannu. Ba inda za ta. Layi zai ci gaba." Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Ke, makonki na zuwa. Ki share ɗaki." A wannan kallon na gane ta san abin da nake tsoro. Tana nan ranar da mijina ya sauke yarinyar daga jaki. Rabin matan wurin ma suna nan.

Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya matar ta shigo gidana, na kai 'yata bakin teku wurin wata 'yar Ga mai ƙyafe kifi, wadda muke ciniki da ita tun da daɗewa. Na ce ta taya ta aiki mako guda. Yarinyar ta yi kuka, ta ce me ta yi. Na daka mata tsawa.

Bayan sallar Juma'a matar ta shigo da tabarmarta. Na ba ta ɗaki, na ba ta tuwo da miyar kuka, na ƙara mata kifi, don kada a ce. Ta yi shara, ta jiƙa mini shinkafa, ta zauna tana duban tsakar gida. A rana ta uku ta ga jigida a rataye a ƙusa, ƙarama, wadda na manta ban ɓoye ba.

Ta ce, "Mma, gidan nan ba yarinya?"

Na ce, "Babu. Allah bai ba ni haihuwa ba."

Sai ta taso ta dafa kafaɗata. "Yi haƙuri. Ni na haifa ɗaya, mace. Masu doki ya ɗauke a gona. An ce Salga, na je Salga. An ce Akra." Ta taɓa bayan kunnenta. "Na sa mai alama nan, da hannuna. Zo ka zauna, na yi maka kitso. Kai ma ba ka da kowa."

Na zauna tsakanin gwiwoyinta. Hannunta sanyi, ba ta ja gashi ko kaɗan. Na gaya wa kaina tsaga ai tsaga ce, wata ƙabila duk haka suke yi. Har yau ina gaya wa kaina haka, kuma har yau ban yarda ba.

Juma'a ta zagayo, layi ya ƙare. Magajiya ta ce a koma gidan farko, matar ta ce a'a, ta gama ganin kawunan zangon nan, za ta bi gaɓar teku yamma, an ce akwai wani zango can. Mata suka haɗa mata guzuri, gari da ƙuli-ƙuli da zane sabo. Har waɗanda suka ce mayya ce suka kawo. Muka raka ta bakin hanya da addu'a. Wata biyar muna ciyar da ita, muna ba ta wurin kwana, muna yabon kanmu, kuma a cikinmu duka ba wadda ta ce mata ta jira yarinya ɗaya da ta rage. Na tsaya ina kallo har ta wuce kwanar da ke gangarawa wurin masu kifi, ba ta juya can ba.

Da yamma na ɗauko 'yata, kanta duk ya tsefe, yana warin hayaƙi. Na zaunar da ita na ɗauki tsinke. Ta ɗago ta dubi kaina, ta shafa layukan da yatsa.

Ta ce, "Inna, wa ya yi miki wannan? Mai kitson nan ce? Me ya sa ba ki ce ta jira ni ba?"

Na ce, "Juya kanki." Na fara daga goshi.