Goggon Kwamfuta da Buƙata ta Bakwai

Matso kusa, ja kujerar nan ka zauna, ka kife wayar tukuna. Labarin wata mata zan ba ka, wadda in ka gamu da ita a farfajiyar asibitin da take aiki ba za ka waiwaya sau biyu ba. Gajeriya ce, tabaraunta na rataye a wuya da igiya, makullai na ƙara a hannunta duk inda ta bi. Nas-nas suna kiranta Goggon Kwamfuta, in suna sauri su ce Goggo kawai.

Ba da kwamfuta ta fara ba. Shekara goma sha huɗu ta yi tana buga takardun sallamar marasa lafiya da tafireta. Da asibitin ya ɗauko wasu 'yan kwangila su gina fom ɗin neman jini, ita aka ba su ta riƙa shigar musu da sunayen ɗakuna. Sai ta riƙa tsayawa a bayansu tana kallo, tana tambaya har su gaji. Ranar da suka tattara suka tafi, abin da suka bari shi ne wani ƙaton littafi mai yagaggen bango, da lambar waya da ta daina shiga bayan wata uku. Ta kai littafin gida. Tana girki yana buɗe a kan kujera, tana ninke kaya yana gefenta. Maigidanta, direban motar 'yan makaranta, ya ce, "Littafin nan fa ya fi ni samun kulawa a gidan nan." Ta ce, "Ai shi ba ya minshari." Haka dai, shafi bayan shafi, har ta zama ita ake kira in fom ya yi gardama.

Bari in gaya maka yadda fom ɗin yake, don ka bi ni. Rabi biyu ne. Rabi ɗaya yana aiki a kwamfutar da ke gaban nas: shi ne ke yi mata ja in ta bar gurbi babu rubutu. Ɗaya rabin yana cikin babbar na'urar da suke kira saba, a wani ɗan ɗaki mai sanyi ƙarƙashin bene. In nas ta danna maɓallin "Aika", duk abin da ta rubuta sai ya tafi wurin saba, tare da sunan maɓallin da aka danna. Da wannan sunan saba ke gane cewa adanawa ake so, sai ta jefa buƙatar a allon mai kula da ma'ajiyar jini, wani dogon mutum da kowa ke kira Mai Firiji. Shi kuma sai ya aika a ɗebo jinin mara lafiyan, ya gwada, ya ware ledar da ta dace.

To, layin intanet na asibitin yana da nawa, nas-nas kuma ba su da lokacin jira. Su danna sau ɗaya, su ga shiru, su ƙara biyu. Mai Firiji ya zo ofishinta da takarda a hannu.

"Goggo, duba min nan. Mutum ɗaya, buƙata uku, leda tara. Wanka zai yi da shi?"

"Ka share biyu mana."

"In share wanne? Jiya na share, ashe mutum biyu ne masu suna ɗaya. Ki yi wa Allah ki ɗaure hannun 'ya'yan nan naki."

Ranar Talata da ƙarfe uku ta zauna ta rubuta layi huɗu na umarnin kwamfuta a rabin da ke gaban nas. Da an danna, maɓallin ya dushe ya daina karɓar dannawa, rubutu kore ya fito: "An aika." Ta gwada a fom ɗin gwajinta, maɓalli ya dushe, kore ya fito, fom ya dawo fari fes kamar kullum. Ta ɗora gyaran a na kowa, ta yi murmushi, ta kulle ofis. Ba ta leƙa ɗaya ɓangaren ta ga ko saƙon ya sauka ba.

Laraba, tara da 'yan mintuna, wayar teburinta ta yi ƙara. Babbar nas ta ɗakin maza ce, ko sallama babu.

"Goggo, tun jiya muka nemi jini wa mai gado na shida, Mai Firiji ya ce bai ga komai ba. Ni da idona na ga an rubuta an aika."

Kafin ta amsa, Mai Firiji ya turo ƙofa. "Tun ukun jiya allona a bushe yake. Na ɗauka lafiya ce ta samu a gari."

Ta sa tabarau, ta buɗe layukan nan huɗu. Ta san abin, yana cikin littafin ma: maɓallin da aka kashe ba ya tafiya da sunansa. Ita kuwa ta kashe shi tun kafin saƙon ya bar kwamfuta. Saba tana karɓar fom, ta duba ba ta ga wanda ya aiko shi ba, ta mayar da sabo ba tare da ta adana ko harafi ɗaya ba. Koren rubutun kuwa ba daga saba yake fitowa ba, kwamfutar nas ce ke faɗin abin da Goggo ta koya mata.

"Layi ne ya sake?" in ji Mai Firiji.

"Ba layi ba ne. Ni ce."

Minti biyu ta cire layukan, fom ya koma yadda yake. Amma abin da ya ɓace ya ɓace, babu suna, babu lambar gado. Abu ɗaya ya rage: saba tana rubuta lokacin da kowace kwamfuta ta ƙwanƙwasa mata. Goggo ta buɗe jerin, ta bi da yatsa tun daga ukun jiya. Sau bakwai aka aiko fom ɗin. Mutum bakwai ke kwance a ginin nan, an ce musu jininsu yana hanya.

Ta buga jerin a takarda, ta ɗauki waya. Ɗakin maza, biyu. Ɗakin yara, ɗaya. Ɗakin masu karaya, biyu, kuma nas ɗin can sai da ta wanke ta tas kafin ta karanto sunayen. Ɗakin mata, ɗaya. Duk wanda aka samu, Mai Firiji ya rubuta a tafin hannunsa ya aika a ɗebo gwaji. Kafin goma saura kwata, shida sun fito.

Ta bakwai daga kwamfutar ɗakin haihuwa ta zo, da ƙarfe shida saura na safiyar nan. Goggo ta kira, aka ce nas ɗin da ke aiki a lokacin ta tashi tun takwas. Ta kira lambarta, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta kwashi makullanta ta hau bene zuwa ɗakin haihuwa.

Babbar ungozoma ta tare ta a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Wa aka nema wa? Ni zan tambaye ki. Da can a littafi muke rubutawa, kuka ce a daina, an ci gaba."

"Yaya, ki yi min faɗan anjima, wallahi zan tsaya ki gama. Gado nawa gare ku?"

"Ashirin da biyu."

Suka raba fayilolin gida biyu a kan tebur. Rubutun likitoci ka san shi, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Goggo tana bi layi layi tana neman inda aka ce a tanadi jini, gumi na sauka a kan tabaraunta. Ta gama nata, babu. Ungozoma ta gama nata, babu. Suka ƙirga fayilolin: ashirin da ɗaya.

Ungozoma ta ɗaga kai ta dubi layin gadaje. Na goma sha huɗu babu kowa, zanin ma an yaye.

"Innalillahi. Mai tagwayen nan ce. An shiga da ita tiyata tun goma saura, fayil ɗinta na tare da ita. Jininta kuwa dama ƙasa yake."

Goggo ba ta san sanda ta sauko benen ba. Takalminta ɗaya ya fita a kan matakala, ba ta tsaya ɗauka ba. A ƙofar tiyata akwai jan layi da ba a tsallakawa da kayan gida. Ta tsaya a kansa ta buga gilashin da makullai har wata nas mai takunkumi ta leƙo.

"Goggo, lafiya? Nan ba kwamfuta."

"Kun fara?"

"Yanzu likita ke wanke hannu."

"Ce masa ya tsaya. Babu jini."

"Ga shi a fayil, leda biyu, an aika."

"Ba a aika ba! 'Yata, ki ce masa ya tsaya!"

Likitan ya fito, hannayensa a sama suna ɗigar ruwa. Ya saurare ta bai katse ta ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya tambayi minti nawa gwaji zai ci. Ta kira Mai Firiji, ya ce arba'in, in ya bar komai. Aka ɗebo jinin matar aka tura masa.

"Bugun zuciyar ɗaya daga cikin yaran ya fara sauka," in ji likitan. "Ina kallon na'ura. In ya ƙara sauka zan shiga, da jini ko babu. Ki tsaya nan."

Ta tsaya. A kan bencin da ke gefe wani mutum ne zaune da jakar kayan jarirai a cinya, sabuwa, ko ledar ba a cire ba. Ya dube ta, ya dubi ƙafarta mara takalmi.

"Baba, matata ce a ciki. Wani abu ya faru?"

Ta buɗe baki za ta ce masa layi ne, sai ta fasa. "Jininta ne bai iso ba, ɗana. Kuskurena ne. Yana zuwa."

Ya matsa can ƙarshen bencin, ya rungume jakar.

Agogon da ke bangon wurin ta haddace shi ranar. Minti ashirin, nas ta leƙo ta koma. Minti talatin, ta ji ana magana da sauri a ciki, wani ƙarfe ya faɗi. Minti talatin da huɗu, fitilar saman ƙofa ta koma ja: likita ya fara. Mutumin ya miƙe tsaye. Goggo ta danna wa Mai Firiji kira, bai ɗauka ba. Ta sake.

Sai ga shi ya ɓullo daga kwanar farfajiya, dogon mutumin da ba a taɓa ganin yana sauri ba, yana gudu da akwatin sanyi a ƙirji, rigarsa na tashi a baya. "Hanya! Hanya!" Nas ta karɓa daga ciki, ƙofa ta rufe.

Leda biyun duka sai da aka ƙara mata. Wajen sha ɗaya da rabi aka ji kuka, siriri, can kuma na biyu ya bi. Nas mai takunkumin ta fito ta ce uwar ta sha wuya amma tana nan. Mutumin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Goggo ta koma neman takalminta.

Da ta zauna a ofis ta rubuta gyaran yadda ya kamata tun farko: a bar saƙon ya fita da sunan maɓallin kafin ya dushe, kuma kada kore ya fito sai saba ta dawo da lambar shaida. Ta gwada sau ashirin a fom ɗin gwaji, tana duba ɓangarorin biyu. Bai faɗi ko sau ɗaya ba. Amma shugaban asibitin ya aiko da takarda mai layi ɗaya, cewa kada a sake taɓa fom ɗin. Mai Firiji kuwa ya koma ganin buƙata uku-uku, yana share biyu yana addu'ar kada ya share ta wani. Kowace safiya sai ya leƙo ofishinta ya ce, "Goggo, har yanzu?"

Gobe za ta shiga wurin shugaban da gyaran a hannunta. To, kai da ke zaune nan, da kai ne a kujerarsa, za ka bar ta ta sake taɓa maɓallin nan?