Usur ɗin Malam a Filin Kokawar Damagaram

Duk wanda ya san Malam ya san usur ɗinsa. Shi ne mai kula da lokaci a ƙofar wata masaƙa a Bompai, har usur ɗin ya biyo shi gida Hotoro. Tuwo da usur, wanka da usur. Ke 'yar nan, rubuta yadda na faɗa, ko kin ga ina share hawaye kar ki tsaya. Ai ke ce jaririyar labarin.

Kina wata bakwai ya karɓi hutun shekara, ya ce za mu ƙasar waje. Na yi kitso, na sha lalle, maƙwabta suna ta cewa a gaishe musu da Ingila. Ashe Damagaram ce, kallon kokawa!

Na ce, "Malam, nan ce ƙasar wajen?"

"Jandarma ya yi miki Faransanci a kan iyaka ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"Kin ji abin da ya ce?"

"Ban ji ba."

"To kin fita waje."

Tun a tasha ya raba renonki kamar aikin masaƙa: awa biyu shif ɗina, awa biyu nasa. Namiji da jaririya a kafaɗa, 'yar fari ma, ko kunya babu! Mutane na dariya, shi kuwa ya ce ba a barin mutum ɗaya a kan inji.

Yawon buɗe ido kuwa minti goma-goma ne. Ya kai ni gaban manyan duwatsun nan na cikin birni.

"Kin gani?"

"Ina dai gani."

"Dutse ne." Fiiit! Muka wuce kasuwa.

Ranar kokawa ina zaune a damansa, kina hannunsa. Da La'asar ta yi na ce masa zan je salla, ashe ganguna sun hana shi ji. Na dawo na tarar da shi tsaye, hannu biyu a sama, yana ihun a kayar da wani ƙato.

"Malam, ina yarinya?"

"Na miƙa miki ƙarfe huɗu daidai."

"Ni wa?"

"Ke mana, hannun dama."

Innalillahi! Wata ce ta zauna a gurbina, ya miƙa mata ke ko juyowa bai yi ba, kuma ta tashi. Garin da ba mu san kowa ba, jama'a kuma ba iyaka.

Sai Malam ya zaro usur ya busa da iya ƙarfinsa. 'Yan kokawa suka saki juna, sun zaci alƙalin wasa ne. Makaɗa suka tsaya. Fili ya yi tsit, sai kukanki muka jiyo daga rumfar mai fura. Matar ta kai ki inuwa ne, tana yi miki fifita da faifai.

Ta ce, "Mutumin Kano, na zaci kyauta ka yi mini."

Ya ce, "Baiwar Allah, ana karɓar shif ba a sa hannu?"

Kowa ya yi dariya, shi kuwa ya karɓe ki ya ƙanƙame. Daga nan har Kano bai sake ba ni ke ba sai in za ki sha nono. Ƙarfe takwas ta yi na miƙa hannu, ya ce, "Bari, ina obatayim."

Ranar da zai rasu ya sa na ɗauko usur ɗin daga ƙarƙashin matashi. Ya ce, "Shif ɗina ya ƙare, karɓi." Amma wannan karon sai da ya daɗe yana kallon fuskata, ya tabbata ni ce, sannan ya saki.

Ga shi nan a bakin zanena, na kasa busawa. Allah Ya ba Malam hutun da bai taɓa yarda ya yi ba, Ya gafarta masa, Ya sa in nawa shif ɗin ya ƙare in same shi a ƙofa yana duba agogo. Amin.