Buhun Kaset a Shingen Tumfure

Lokacin tashin bama-bamai na raka wani tsohon ɗan wasan barkwanci, ɗan Borno, zuwa Tumfure. Yana rungume da buhun kaset na wasannin da suka yi a talabijin. Na gidan talabijin sun lalace, nasa kaɗai suka rage, amma masu gidan sun ce su ma nasu ne.

A shingen bincike soja ya tsayar da kekenmu mai ƙafa uku. "Baba, mene ne a buhun?"

"Abin kashe mutane ne, ɗana..."

Bindiga ta ɗago.

"Da dariya!" na ƙarasa masa da ihu.

Sojan ya zazzage buhun, ya dubi hoton jikin kaset, ya dubi tsohon. "Na waye?"

"Sun ce nasu ne. Fuskar dai tawa ce."

"Kwashe fuskarka, Baba, ku wuce."