Abdoulkarim da Kwamfuta Mai Kati Biyu

Shekara shida ke nan rumfata tana jingine da shagon Abdoulkarim a kasuwar Sabha. Ni ina sayar da caja da rigunan waya, shi yana gyaran kwamfuta. Mutumin Damagaram ne, gajere, tsokana a cikinsa fal. Da ya zo Libiya ba abin da ya iya sai ɗaukar bulo. Ya faɗo daga bene ya karya ƙafa, ya yi wata huɗu kwance a ɗakin wani ɗan garinsu mai gyaran na'urori, to a zaman jinyar nan ya koyi kwancewa da ɗaurawa. Har yau yana ɗingishi. Haushinsa da nake ji guda ɗaya ne, bai taɓa gyara wa mutum abu ba sai ya fara ɗaga masa hankali.

Wata Talata da hantsi Moctar ya shigo rungume da kwamfutarsa ta hannu. Shi ma lebura ne a da, Allah ya ɗaga shi, wani ɗan kwangila a unguwar Sukra ya ba shi aikin zana taswirar gidaje. A ofis kwamfutar lafiya lau take. Amma duk ran da ya ɗauke ta ya kai gaban maigidan don nuna zane, sai ta sandare, hoto ya tsaya cik, sai an kashe ta da ƙarfin tsiya. Shekara guda ana haka, maigida yakan yi tsaki ya ce magina su yi yadda suka saba. Yanzu kuwa gidan bene aka samu, na farko, kuma mutumin ya rantse in ta sake yi ranar Alhamis, Moctar zai koma kwaɓa siminti.

"Wallahi tsoron mudir take," in ji Moctar, yana nufin maigidan nasa. "Da ta gan shi sai ta mutu."

Abdoulkarim ya jona ta da wuta, ya buɗe zanen, ya juya shi dama da hagu. Can sai ya zare caja. Nan take ta ƙame. Ya sake gwadawa, ta sake yi. Sai ya rufe ta a hankali, ya rage murya, ya ce, "Moctar, kati biyu gare ka."

A garin nan ba a yi wa baƙo wasa da maganar katin shaida. Gumi ya karyo wa bawan Allah.

"Wa ya gaya maka? Ɗayan na yayana ne, kama muke yi. A shingen bawwaba kawai nake nuna shi in shurɗa, 'yan sandan garin nan, sun tare mu, nawa ya mutu tun bara."

Mugun ya bar shi ya zazzage cikinsa kaf, sannan ya nuna kwamfutar ya ce, "Ni katin ordinatar nake nufi."

Na yi dariya har da hawaye, ko da yake na so in make shi.

Sai ya yi masa bayani. Irin wannan kwamfutar kati biyu gare ta na sarrafa hoto, babba da ƙarami. In tana jone da wuta babban ke aiki, in aka zare caja sai ya miƙa wa ƙaramin don batir ya daɗe. "Kamar lebura biyu masu miƙa bulo. Na ƙasa ya saki, na sama bai kama ba. Kai kuma duk za ka wajen mudir sai ka cire sharjar."

Ya goge tsohuwar manhajar da ke tuƙa katin, ya sa sabuwa. Ya shiga saiti ya ɗaure shirin zanen ga babban katin, da wuta ko babu. Ya gargaɗe shi cewa batir zai riƙa ƙarewa da wuri. Sau goma suna zare caja suna mayarwa, ko gezau. Moctar ya tafi yana sa albarka.

Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga shi, tafiyarsa kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Ya ajiye kwamfutar a kan tebur.

"Ta sandare?"

"Ina ma ta yi. Mudir ya ga zanen tun daga harsashi har rufi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ta ina masu gidan za su hau sama. Ban sa matakala ba. Ya ce in kawo tsofaffin zanen ma ya gani. Asabar zan koma siminti."

Abdoulkarim ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ni ma tausayi ya kama ni. Moctar ya tura masa kwamfutar da yatsa ɗaya.

"Don girman Allah, ɗan'uwa, ka mayar mata da ciwonta. Ashe shi ke rufa mini asiri."